Yagaggiyar Wutsiyar Tarwaɗa: Ba Allura Ba Ce, Ruwa Ne

Duk wanda ke zuwa sayen kifi ya sha jin maganar nan: wai tarwaɗar kiwo mai cinyayyiyar wutsiya allurar ƙiba aka yi mata. Wasu kuma suna cewa ba komai, ai da fukafukan gefe kifi ke tuƙa kansa. Wannan ta biyun ita ta fi damuna, domin masu kiwon kansu ke faɗin ta.

Fukafukan gefe birki ne da sitiyari. Abin da ke tura kifi gaba wutsiya ce. Naman da muke ɓarewa falle-falle idan kifi ya dahu, tsoka ce jere a gefe biyu na ƙashin baya. Na dama ya ja, na hagu ya saki, sannan su yi musaya, sai jiki ya riƙa lanƙwasa daga kai zuwa baya kamar igiyar guga da aka kaɗa. A ƙarshen ƙashin bayan akwai faffaɗan ƙasusuwa kamar tafin hannu, daga nan siraran ƙayoyi suka bazu, fata mai laushi ta haɗe su. Mafici ke nan na kaba. Yaga mafici ka yi fifita da shi ka gani: hannu zai gaji, iska babu. Haka masunci mai tsagaggen filafili, ruwa zai riƙa bi ta tsagar, kwale-kwale na tsaye.

Siffar ma da dalilinta. Tsage, mafarauci a buɗaɗɗen ruwa, wutsiyarsa mai baki biyu ce don gudu. Ta tarwaɗa zagayayya ce, ta dace da zabura ɗaya cikin laka da ciyayi.

To me ke cinye ta? Yawanci cunkoso da dattin ruwa. Ragowar abinci da kashin kifi na haifar da ammoniya, jiki ya raunana, ƙwayoyin cuta irin su Aeromonas su kama bakin wutsiyar, ya yi fari, ya zagwanye. Ga cizon juna idan yunwa ta matsa. Kifin da ba ya iya zabura, 'yan uwansa ke riga shi abinci, sai ya rame.

Wutsiyar kan sake tohowa matuƙar cutar ba ta kai tushenta ba. Amma sai ka ga mai kiwo ya ruga ya sayo maganin mutane ya zuba a tafki, alhali ya kwana bakwai bai canja ruwa ba, kuma malamin gona bai taɓa leƙo shi ba.