Shin Man Kanumfari Da Man Habbatus-sauda Suna Maganin Makero?

Tambaya: Yarona ya kamu da makero a kai bayan an yi masa aski a Kawo. An ce in saya masa man kanumfari ko na habbatus-sauda a shagon magungunan Musulunci. Ya isa magani?

Amsa: Ɗan'uwa mai tambaya, ka sani makero da ƙyasbi da cin ruwa na tsakanin yatsun ƙafa duk ƙwayoyin cuta ne dangin funfunar da ke fitowa a kan burodi. Ɗumi da laima suke so, shi ya sa suke samun wurin zama a daminar Kaduna. Makero kuwa yana bin na'urar aski da mataji da hula.

Neman magani halal ne, kuma hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim kan falalar habbatus-sauda. Masana sun gwada man waɗannan tsirrai a ɗakin bincike, suka ga sinadarin yujinol na kanumfari yana huda bangon ƙwayar cutar, man habbatus-sauda ma yana rage yaɗuwarta.

Sai dai makeron kai yana shiga cikin silin gashi har saiwarsa, inda man shafawa ba ya kaiwa. Don haka likitoci ke ba da maganin sha, kamar Griseofulvin, na mako 6 zuwa 8. Idan aka yi sakaci kan yaro yana iya yin ruwa, gashin wurin ya tafi ba dawowa. Ka kai shi asibitin unguwarku ko na Barau Dikko a duba shi.

Idan a fatar babba ne kuma wurin kaɗan ne, ana iya gwadawa, amma kada ka shafa man kanumfari tsantsarsa, yana ƙona fata. Ka sirka ɗigo 1 ko 2 a ƙaramin cokali na man zaitun. Kada a shafa wa jariri, kada a sha. In mako 2 ya wuce ba sauƙi, sai asibiti.

Man da fata ta shanye ba ya hana ingancin alwala. Bayan alwala ka tsane tsakanin yatsun ƙafarka, kuma in da hali ka saya wa yaro nasa kayan aski.

Allah ne Mafi sani.