Kyarkeci Ya Zama Shugaban 'Yan Sanda: Abubuwan Mamaki Game da Fables

A shekarar 2002 wani marubuci Ba'amurke, Bill Willingham, ya fara fitar da jerin labarai cikin zane mai suna Fables a kamfanin DC Comics. Ya kwashi taurarin tatsuniyoyin Turawa, ya ce yaƙi ya raba su da ƙasashensu, sun yi gudun hijira zuwa birnin New York, suna zaune a ɓoye a wata unguwa. Sai da jerin ya kai fitowa 150 kafin ya tsaya a 2015, ya kuma dawo a 2022.

Mugun kyarkecin nan da ya addabi yara da 'yan aladu a tatsuniya, shi aka ba tsaron unguwar. Ya rikiɗa ya zama mutum, ana kiransa Bigby. An yi wa kowa afuwa kan laifuffukan da ya aikata a da, shi ya sa aka damƙa wa kura ajiyar nama. Sigari ba ya barin bakinsa, don hancinsa na jiyo ƙamshi da warin birnin gaba ɗaya, sai da hayaki yake samun sauƙi.

Yarima kyakkyawa da ke zuwa a ƙarshen labari ya auri gimbiya, ashe mutum ɗaya ne! Ya auri Snow White, ya auri gimbiyar nan mai dogon barci, ya auri Cinderella, duk auren ya mutu. Mai auri-saki ne, mai cin aljihun mata, kuma duk da haka ya ci zaɓen magajin gari. A ganina nan ne marubucin ya fi iya tsiya.

Cinderella tana da shagon takalma, amma 'yar leƙen asiri ce.

Yariman da aka taɓa mayar da shi kwaɗo shara yake yi a babban benen unguwar, kuma har yanzu in ƙuda ya gifta sai ya yi da gaske yake riƙe harshensa.

Wanda ba zai iya shigar mutane ba, irin su aladu da beraye masu magana, ana kai shi wata gona a wajen gari. Can suka yi tawaye, har aka harbi Snow White a ka, amma ba ta mutu ba. Hasashen da ake yi a cikin labarin shi ne, gwargwadon yadda mutane suka san tatsuniyarka, gwargwadon wuyar kashe ka. Da haka abin yake a wajenmu, da Gizo sai dai a gan shi a ƙyale.

Masu son Dare Dubu da Ɗaya ma ba a bar su ba. Sinbad ya zo New York a matsayin jakada daga Bagadaza, sannan a wani littafi na 2006 Snow White ce ta zauna gaban Sarki tana ba shi labari kowane dare don ta tsira da wuyanta.

Babban azzalumin da ya kori kowa daga gida kuwa, an daɗe ana ɓoye ko wane ne. Da asiri ya tonu sai ga Geppetto, tsohon masassaƙin da ya sassaƙa Pinocchio. Da farko Peter Pan marubucin ya so ya sa, sai ya tarar a Birtaniya haƙƙin wannan labari yana hannun wani asibitin yara a Landan, dole ya sauya.

Rigimar haƙƙin mallaka ba ta tsaya nan ba. A watan Satumba na 2023 Willingham ya saɓa da DC, ya shelanta cewa ya sakar wa duniya Fables, kowa ya ɗauka ya yi abin da ya ga dama. Kamfanin ya mayar da martani nan take: littattafan da taurarinsu nasa ne, bai sake su ga kowa ba.