Bayanin Gyaran Bakin Aska Da Fata

Aska ita ce jarin wanzami. Da ita yake aske kan jariri ran suna, da ita yake gyara gemun malami da na attajiri ran Juma'a. Amma aska da yawa sukan ƙare tun kwanansu bai kai ba, domin masu su ba su rarrabe aikin dutse da aikin fata ba.

Dutsen washi cin ƙarfe yake yi. Kowane ja a kansa yana rage jikin aska, saboda haka ba a kai ta ga dutse sai ta dakushe ƙwarai, ko bakinta ya yi giɓi. Wanda ya mai da dutse abin kullum, ba da jimawa ba askarsa za ta sirance, ta zama ba ta da sauran amfani.

Fata kuwa aikinta daban ne. Bakin aska ya fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba, har in ya ratsa gashi mai kauri sai ya ɗan lanƙwashe, lanƙwasar da ido ba ya gani. Fata ita ke miƙe shi, ta goge tsatsar da ta soma kama shi. Don haka ake jan aska a kanta kafin kowane aski.

Ga yadda gwanaye ke yi. Su ɗaure kan fatar a turke, su ja ta ta miƙe sosai, gama in ta yi sako-sako sai ta naɗe bakin ta kashe kaifin. Sa'an nan su kwantar da aska shimfiɗe, bayanta da bakinta duka suna taɓa fata. A kan dutse baki ke yin gaba. A kan fata kuwa baya ke gaba, baki na biye. In an kai ƙarshe, a juya ta ta kan bayanta, kada a juya ta kan baki. Ba a dannawa, nauyin askar ya isa. Ja talatin zuwa hamsin ya wadatar. Mai gaggawa shi ke yanke fatarsa.

Fatar da ta dace ita ce ta sa ko ta doki, wadda ta jemu sarai, mai santsi, ba kunya ba ƙulli. Jimar bagaruwa irin ta majeman Kano tana yi. In ta bushe a shafa mata mai kaɗan, a murza da tafin hannu, a kuma tsare ta daga ƙura, domin ƙwayar rairayi ɗaya tana iya yi wa baki giɓi. Masu askar Shafil ta Ingila da Solingen ta Jamus sukan fara da ƙyallen lilin mai kauri kafin fata, wani lokaci su shafa wa wata fata dabam koren gari mai laushi don ƙara kaifi. Tsofaffin wanzamai kuma sukan ƙarasa a tafin hannu.

Tun da Gillette na Amurka ya sami rajistar rezarsa a 1904, wadda ake yar da bakinta in ya dakushe, aska ta ragu a kasuwa. Duk da haka wadda aka kula da ita takan kai ga jikoki.

Saura gargaɗi guda. Fata kaifi take gyarawa, ba ta kashe cuta. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini daga wani zuwa wani ta bakin aska. Lalle ne a wanke ta, a tafasa ta, a shanya, kafin ta hau kan wani. Mafi alheri kowane gida ya ajiye tasa. Rigakafi ya fi magani. Allah shi kiyaye, amin.