Digirin Aikin Jinƙai Daga Nesa: Wa Ya Fi Buƙatarsa?

A watan Yulin 1994 dubban ɗaruruwan 'yan Ruwanda suka kwarara garin Goma na ƙasar Zayar, wadda yau ake kira Kwango. Ƙungiyoyin agaji suka yi ca a kansu, kuɗi ma suka samu, amma cikin wata guda kwalara da atini suka kashe mutum wajen 50,000. Da aka zauna bitar abin da ya faru, sai aka gane cewa tausayi kaɗai ba ya ceton rai in babu sanin makamar aiki. Daga nan aka fara shirin Sphere a 1997, wanda ya haifar da littafin ƙa'idojin da ma'aikatan agaji ke riƙe da shi har gobe: kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, kada masu amfani da makewayi ɗaya su wuce 20, kada tafiyar ɗebo ruwa ta zarce mita 500.

Irin wannan sani ne ya girma har ya zama fannin da ake yi wa digiri na biyu, kuma jami'o'i da dama na koyar da shi ta intanet. A Ingila akwai Oxford Brookes, wadda ta haɗa gwiwa da UNITAR, cibiyar horarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, akwai kuma SOAS ta Landan. Jami'ar Mancesta tana da shiri tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, inda ake haɗa karatun nesa da ɗan gajeren zama a aji. Ɗalibi na sauraron darasi a kwamfutarsa bayan ya tashi aiki, ya yi muhawara da abokan karatu da ke wasu ƙasashe, ya aika jinga, a ƙarshe ya rubuta kundin bincike. Yawanci shekara biyu zuwa uku ake yi. Ana karanta Yarjejeniyoyin Janiba na 1949, da ginshiƙan aikin guda huɗu, wato mutunta ɗan Adam, rashin nuna bambanci, tsayawa 'yan ba-ruwanmu, da cin gashin kai. Ana kuma koyon ƙiyasta buƙatun jama'a, da safarar kaya, da yadda ake lallashin masu ɗauke da makamai su bar motar abinci ta wuce.

A ganina, wanda aka fi yi wa wannan tsari shi ne ma'aikacin da ke bakin daga. Je ka Maiduguri, ko Diffa, ko Adre a gabashin Cadi inda 'yan Sudan ke ta kwarara tun 2023, ka ga su wa ke aikin. 'Yan ƙasa ne. Su ke auna damtsen yaro da ɗan ma'aunin nan mai launi uku, su san cewa in ya gaza santimita 11.5 tamowa ta yi tsanani. Su suka san harshe, suka san wane mai unguwa za a fara gaisarwa kafin a raba ko da buhu ɗaya. Su ne kuma suka fi yawa cikin ma'aikatan agajin da ake kashewa duk shekara. Amma da an tallata babban muƙami sai ka ga an sa sharaɗin digiri na biyu, a ɗauko wani daga nesa a ɗora musu. Mai iyali ba zai ajiye aikinsa ya tafi Turai shekara guda ba. Karatun nesa na ba shi damar riƙe aikin, ya kuma gwada da safe abin da ya karanta da dare.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Da fam ko dala ake biya, kuma kowa ya san yadda naira ta faɗi tun 2023. Ga rashin wuta, ga tsadar data, ga kuma guraben aiki da suka ragu bayan Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025. Akwai tallafin Kwamanwel na karatun nesa, sai dai masu nema sun ninka guraben. Shafin intanet mai suna Kaya na ba da kwasa-kwasai kyauta masu amfani, amma ba digiri ba ne. Duk mai shirin biyan kuɗi kuwa, ya fara tabbatar da cewa hukumar ilimi ta ƙasar da makarantar take ta amince da ita, don masu sayar da takardar banza sun cika intanet.

A taron agaji da aka yi a Istanbul a 2016 manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin miƙa kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin cikin gida kafin 2020. Alkawarin bai cika ba, kuma uzurin da aka fi kawowa shi ne ƙarancin ƙwarewa. To, in da gaske ake, manyan ƙungiyoyin agaji su riƙa biya wa ma'aikatansu 'yan ƙasa kuɗin wannan karatu. Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma, da yake kowacce na da cibiyar nazarin bala'o'i, muna roƙonsu su buɗe irin wannan digiri ta intanet, a farashin da mai karɓar albashi da naira ko sefa zai iya biya.