Jerin jira a jami'o'in Amurka ba layi ba ne

A 2022, ɗalibai 61,220 suka nemi Harvard, aka ɗauki 1,954. Wasu aka ce su jira.

Iyaye kan zaci layi ne, na gaba ya fara shiga. Ina! Jami'a tana bari sai 1 ga Mayu ta ga nawa suka karɓi gurbi, sannan ta cike giɓi: in masu lissafi suka yi ƙaranci, mai lissafi za a kira. Jami'o'i da dama, ban da irin su Harvard, har aljihun uba suke dubawa, kuma nan 'ya'yanmu masu neman tallafi ke shan kaye.

In ɗanka na jira, ya kama gurbin da ke hannu tukuna.