Yadda kwamfuta ke koyon cewa "hatsi ya ɗan yi tsada"

Duk mako ma'aikatan SIMA, hukumar da ke bin diddigin farashin kayan gona a Nijar, suna rubuta kuɗin hatsi da dawa da wake a kasuwannin ƙasar, har da na jahar Maraɗi. Lambobin na taruwa a kwamfuta shekara da shekaru. Amma magidanci a Korgom, cikin gundumar Tasawa, ba ruwansa da dogon jeri. Tambayarsa guda ce: tiya ta yi tsada ko da sauƙi?

A nan gizo ke saƙa. In aka ce wa kwamfuta tsada na farawa daga dala 140, to tiyar dala 139 a wurinta araha ce. Babu mai awo da zai yarda da wannan.

A 1965 wani malamin jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, Lotfi Zadeh, ya fito da lissafin da ke karɓar "kusan" da "ɗan dama-dama". Maimakon i ko a'a, kowane abu na samun maki tsakanin 0 da 1. A ce, misali, dala 100 ba tsada ba ce sam, dala 180 kuwa tsada ce ƙarara. Dala 140 sai ta samu 0,5, wato rabin tsada.

Ronald Yager ya ɗora a kai a 1982. Kwamfuta ta auna kasuwanni ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa makinsu, ta fitar da jimla kamar "a mafi yawan kasuwannin Tasawa da Mayahi hatsi ya yi tsada". Jimlar ma tana zuwa da makin gaskiyarta. In ya kai 0,9 magana ta zauna, in 0,3 ne sai a jefar da ita. Irin wannan jimla gidan rediyon karkara na iya karanta ta, magajin gari kuma ya kai ta gaban masu rabon tallafi da wuri. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a Maraɗi sun san abin da jinkiri ke jawowa.

Sai dai iyakokin nan, dala 100 da 180, mutum ne ke sa su. Farashin da manomi ke kuka da arahar sa da kaka, shi ne wanda matar da rumbunta ya ƙare a watan Yuli ba ta iya biya.