Idan Kwamfuta Ta Nemi Lambobi 48

A wannan fitowa mun ɗauko wata matsala da ke sa mai kwamfuta gumi ko da a lokacin hunturu ne. Mutum ya kunna kwamfutarsa kamar kullum, maimakon ta kai shi inda ya saba, sai fuskarta ta koma shuɗiya, da sunan BitLocker a sama, tana neman ya shigar da wasu lambobi har 48. Bai taɓa ganin lambobin ba, bai ma san da zamansu ba. Alhali a ciki akwai makin jarrabawar aji guda da malami ya kwana yana shigarwa, ko kundin kammala digiri na yayan wani a cikinmu.

Shawarar da aka fi bayarwa a nan ita ce a kai ta wurin mai gyara ya yi mata fomatin. Mu dai muna cewa a dakata tukuna. Sau da yawa babu abin da ya lalace. Wani ɗan mai gadi ne a cikinta ya ga abin da bai gane ba, ya hana makulli.

Sunan mai gadin TPM. 'Yar ƙwayar lantarki ce da ba ta wuce girman farce ba, ana manna ta a jikin babban farantin ciki wanda masu gyara ke kira bod. A sababbin kwamfutoci ma ba a ganinta da ido, domin an cusa ta cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar: kamfanin Intel na kiran tasa PTT, kamfanin AMD kuma fTPM. Samfurinta na 2.0 ya fito a 2014, amma jama'a ba su damu da ita ba sai a Oktoban 2021, lokacin da Windows 11 ta fito da sharaɗin cewa sai kwamfuta na da ita.

Aikinta ajiyar makulli ne. Shi BitLocker cakuɗa duk abin da ke rumbun ajiyar kwamfuta yake yi, ta yadda ko ɓarawo ya ciro rumbun ya jona a wata kwamfutar, shirme kawai zai gani. Makullin da ke warware wannan cakuɗa, ƙwayar ce ke tsare da shi. Kuma ba ta sakin sa sai ta yi abin da muka sani a aji kowace safiya, wato kiran suna. Da an danna maɓallin kunnawa, manhajojin farko suna tashi ɗaya bayan ɗaya: BIOS, wadda ita ke tada kayan ciki, sai saitunan tsaronta, sai manhajar da ke ɗauko Windows. Kowacce ana ɗaukar awonta a rubuta a rajistar ƙwayar. Idan rajistar yau ta yi daidai da ta ranar da aka ba ta amanar makullin, sai ta saki, mutum bai ma san an yi ba. Idan suna ɗaya ya sauya, sai ta riƙe. Ba ta iya bambance ɓarawo da mai gida; abin da ta sani kawai shi ne rajista ta bambanta.

Saboda haka tambayar farko ita ce: me ya canza tun kunnawar ƙarshe? Ko an sabunta BIOS? Ko wani ƙane mai ƙiriniya ya shiga saiti ya kashe Secure Boot? Ko an bar filas a jiki, kwamfutar na ƙoƙarin tashi daga gare shi? Ko mai gyara ya canza bod, ko ya mayar da rumbun cikin wata kwamfutar? Akwai kuma wani dalili da ake yawan mantawa da shi a tsofaffin kwamfutoci. A jikin bod akwai ɗan batir zagayayye kamar kwabo, galibi mai lamba CR2032, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS. In ya mutu saitin na iya komawa na asali, ƙwayar kuma ta ga baƙon abu. Alamarsa ita ce kwanan wata ya riƙa komawa shekarun baya. Idan aka gano abin da ya canza aka mayar da shi yadda yake, aka sake kunnawa, wani lokaci shi ke nan, kwamfutar ta wuce ba tare da ta nemi komai ba.

In hakan bai yi ba, to sai lambobin. Su ne makullin ko-ta-kwana da aka yanka tun ranar da aka kulle rumbun. Rukuni 8 ne, kowane da lambobi 6, kuma ga wani abu da zai burge 'yan ajin lissafi: kowane rukuni yana rabuwa da 11 ba saura, da haka kwamfutar ke saurin gane an yi kuskuren dannawa. Ina suke? In an taɓa shiga kwamfutar da asusun Microsoft, a buɗe asusun ta waya a duba sashen na'urori, yawanci suna can. Wasu an buga musu a takarda, wasu an ajiye a filas. In kwamfutar ta makaranta ce ko ta ma'aikata, a tambayi mai kula da kwamfutocin wurin. Shuɗiyar fuskar tana nuna wata lambar shaida, da ita ake gane wane makulli ne na wannan rumbun in sun yi yawa. In kuwa ba a samu ba ko'ina, gaskiyar magana ita ce ko Microsoft ba za su iya ƙirƙiro wani ba.

Duniya ta ga muhimmancin wannan ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani. Gyaran ɗan ƙarami ne, goge fayil guda. Amma kafin a kai ga fayil ɗin a kwamfutar da aka kulle, sai an shigar da lambobin nan, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Ƙwayar tsaron lafiyarta ƙalau a duk wannan.

Bayan an samu shiga ne ake duba lafiyar ƙwayar kanta. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta tpm.msc. Taga za ta buɗe ta faɗi ko ƙwayar a shirye take, da samfurinta, 1.2 ko 2.0. In ta ce ba ta ga ƙwaya ba, kada a yi saurin yanke mata hukuncin mutuwa. A shiga BIOS, ta F2 ko F10 ko Del gwargwadon ƙirar kwamfutar, a nemi sashen tsaro, a ga ko an kashe ta ne. In ko a can ba ta bayyana ba, akwai dabarar da ke farfaɗo da wasu: a kashe kwamfutar, a zare caja, a cire batir in yana ciruwa, a danne maɓallin kunnawa kamar rabin minti don ragowar wuta ta fita, sannan a mayar. Haka kuma ƙwayar kan yi fushi da mai yawan cankar lambar sirri. A samfurin 2.0, Windows ta tsara ta rufe bayan kuskure 32, tana yafe ɗaya duk minti 10. Maganin wannan haƙuri ne, a bar kwamfutar a kunne.

Wani lokaci kuma ciwon na cikin manhajar ƙwayar. A 2017 masu bincike a Jami'ar Masaryk ta ƙasar Cek suka gano cewa wasu ƙwayoyin kamfanin Infineon na Jamus suna yanka makullai masu rauni, aka yi maganin abin da sabunta manhajarsu da sake makullan. Duk wanda zai yi irin wannan sabuntawa, ko ta BIOS, ya fara dakatar da BitLocker na ɗan lokaci, ya kuma tabbatar batir a cike yake. Mun san halin wutarmu. In ta ɗauke ana tsakiyar aikin, bod ɗin ne kan iya tafiya gaba ɗaya.

Yanzu ga inda aka fi yin asara. A cikin waccan taga, da cikin BIOS, akwai wani zaɓi mai suna Clear TPM. Yana da amfani, domin yana mayar da ƙwayar da ta rikice sabuwa fil. Amma yana yin haka ne ta hanyar zubar da duk makullan da ke hannunta, kuma ba sa dawowa. Wanda ya danna shi ba tare da lambobin 48 a hannu ba, ya kulle ɗaki ne ya jefa makullin a rijiya. A ganinmu bai kamata kowa ya taɓa shi ba sai ya kwafe muhimman fayilolinsa waje guda, ya kuma rubuta lambobin. In za a kai wa mai gyara, a faɗa masa wannan ƙarara tun kafin ya kwance ƙusa ɗaya.

Ƙwayar da ta mutu da gaske ba a cika samu ba, amma ana samu. A wasu kwamfutocin tebur ana iya sayo wata a soka a gurbinta, muddin ta dace da bod ɗin. A laftof kuwa galibi sai dai a koma ga ta cikin ƙwaƙwalwa in akwai, ko a canza bod. Ko wacce hanya aka bi, sabuwar ƙwaya ba ta gadon makullin tsohuwa. Da lambobin za a buɗe rumbun, sannan a dakatar da BitLocker a sake kunna shi, don ya damƙa amanar ga sabon mai gadi.

Kwamfutocin da yawancinmu ke iya saya sun riga sun yi aiki a ofisoshin Turai ko Amurka, kuma sababbin fitowar Windows 11 kan kulle rumbu da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft. Don haka mai saye ya sa a kunna masa a shago, ya ga ta shiga har ciki. Wanda kuma tasa ke lafiya yau, ya rubuta BitLocker a wurin bincike na Windows, ko ya duba sashen tsaro a cikin saiti. In a kunne yake, ya kwafi lambobin a takarda, ya ajiye ta inda yake ajiye takardar haihuwarsa, ba cikin jakar kwamfutar ba.